Marfin Kwalba, Zare da Ɗigon Jini

Duk wanda ya tashi a unguwar da ake shan lemon kwalba ya san wannan sana'a ta yara. A tsinci marfi, a ɗora a kan dutse a daddake shi har ya baje, a huda ƙofa biyu a tsakiyarsa da ƙusa, a zura zare a ƙulle bakinsa. Yaro ya saƙala yatsa a kowane gefe, ya wulwula marfin har zaren ya murɗe, sannan ya ja. Sai ka ji marfi ya kama kuka, fuu, fuu. Masu ƙiriniya har wasa bakinsa suke yi don su tsinke zaren abokin karawa, iyaye mata kuwa na ta faɗa kada a tsage wa wani fuska.

Sabon shiga kuskurensa ɗaya ne, ja yake yi babu sassauci, sai abin ya mutu a hannunsa. Ga dalili. Idan zare ya murɗe, silinsa biyu a karkace suke shiga ƙofofin marfin, don haka jan da aka yi waje ɗaya sai ya koma ƙarfin da ke juya marfin. Yana warwarewa gudu na ƙaruwa, kuma daidai lokacin da zaren ya miƙe sarai, a nan marfin ya kai ƙololuwar gudunsa. Abu mai nauyi da ya ɗauki gudu ba ya tsayawa nan take, sai ya zarce ya shiga naɗe zaren ta ɗaya ɓangaren. Zaren da ke naɗewa gajarta yake yi, yana janyo hannuwa ciki. Wanda ya ƙi sakin hannu a wannan gaɓa ya taka wa marfin birki. Wanda ya sassauta ya bar gudun ya taru a cikin murɗin zare, da ya sake ja sai ya karɓe shi, marfin ya juya ta baya. Matan da ke kaɗi sun san rabin wannan ilimi, domin gululun da ke gindin mazari aikinsa ke nan, ya riƙe juyi bayan yatsu sun saki.

Wasan ya tsufa ƙwarai. Masu tonon kayan tarihi sun samo irin wannan faifai mai ƙofa biyu da ya kai wajen shekara 5,000. Ɗan'uwansa yo-yo, mai sauka da hawa a kan zare, an ga hoton yaro riƙe da irinsa a jikin wani kasko na Girka na wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi yo-yo ya yi sa'ar 'yan kasuwa. A 1928 wani mutumin Filifin, Pedro Flores, ya buɗe masana'antarsa a Santa Barbara ta Amurka. A nasa samfurin ba a ɗaure zare tamau a jikin sandar tsakiya, zarge shi ake yi, shi ya sa yo-yo ke iya kaiwa ƙasa ya tsaya yana ta juyi a wuri ɗaya, abin da masu wasan ke kira barci. Donald Duncan ya sayi kamfanin ya baza abin a duniya. A 1985 har sararin samaniya aka tafi da shi a kumbon Discovery, inda ya ƙi yin barcin, tunda babu nauyin da zai riƙe shi a ƙarshen zare.

Faifai mai ƙofa biyu bai samu wannan gata ba. Ya zauna a hannun 'ya'yan talakawa, ana yin sa da maɓallin riga ko ƙashi ko katako ko marfi. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Sai ga Manu Prakash, masanin kimiyya haifaffen Indiya da ke koyarwa a Jami'ar Stanford. A wata ziyara da ya kai Yuganda ya tarar da injin rarrabe jini, mai tsadar gaske, an tokare ƙofa da shi a wani asibitin karkara, saboda babu wutar da za ta tashe shi. Aikin wannan inji shi ne ya wulwula jini da gudu har jajayen ƙwayoyi masu nauyi su koma gefe guda, ruwan jini ya ware. Da haka ake auna ko mutum na da ƙarancin jini, kuma gwaje-gwaje da dama sai an bi ta nan. Wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin ƙauye aka ce masa a jira a kawo wuta, ko a nemo man janareto, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Don neman abin da zai yi wannan aiki ba tare da wuta ba, Prakash da abokin aikinsa Saad Bhamla suka bi kayan wasan yara masu juyawa ɗaya bayan ɗaya. Yo-yo, duk da sunansa, bai wuce juyi kusan 4,000 a minti ba. Da suka ɗora faifai mai zare a gaban kyamara mai saurin ɗauka, sai suka ga ya haura 10,000 tun ba a gyara masa komai ba. Suka zauna suka fitar da lissafinsa: faɗin faifai, kaurin zare, tazarar ƙofofi. Suka kuma lura da abin da kowane yaro ya sha gani, wato idan murɗi ya yi yawa zaren kan dunƙule ya hau kansa. Ashe wannan dunƙulewa ita ke ba shi damar tara ƙarfi fiye da yadda ake zato. A Janairun 2017 suka buga sakamakon a mujallar Nature Biomedical Engineering. Na'urar tasu, Paperfuge, takarda ce da zare da 'yan sanduna biyu na riƙewa, nauyinta giram 2, kuɗinta santi 20 na dalar Amurka. Mafi ƙanƙantar faifansu ya kai juyi 125,000 a minti, alhali injin motar gida da wuya ya wuce 7,000. Ana manna siririn bututu mai ɗigon jini a jikin faifan, cikin minti ɗaya da rabi ruwan jini ya ware, cikin minti 15 kuma ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro su taru a wurin da za a iya ganinsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, babu wani sabon abu da aka ƙirƙiro a jikin wannan na'ura. Ilimin yana yatsun yara tuntuni, sun san lokacin ja da lokacin saki ba tare da an koya musu a aji ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne babban da zai tsuguna ya tambayi sau nawa marfin nan ke juyawa. Mukan kori yaro da shi ne don ya dame mu da ƙara, sannan mu zauna jiran a turo mana inji daga Turai.

Kada dai a zuzuta abin fiye da kima. Ɗigon jini kaɗan yake ɗauka a lokaci guda, kuma bayan ya rarrabe jinin sai an samu madubin ganin ƙwayoyin cuta da idon da ya ƙware. Shi ya sa tun kafin wannan Prakash ya ƙera madubin takarda mai suna Foldscope, wanda kuɗin haɗa shi bai kai dala ɗaya ba. Sannan minti 15 ana ja ana saki ba ƙaramin aiki ba ne ga ma'aikacin lafiya guda ɗaya da layin marasa lafiya ke jira a baranda.