Gishirin da Ke Kashe Gona



Littafin Farawa ya gaya mana cewa kakanmu Ibrahim ya fito ne daga Ur ta Kaldiyawa, a kudancin ƙasar Iraƙi ta yau. Mutanen wannan yanki sun jawo ruwa daga kogin Yufiretis da na Taigiris, suka noma alkama mai yawa. Amma kowane ruwan kogi yana ɗauke da ɗan gishiri. Rana takan shanye ruwan, gishirin kuwa ya zauna. Da yake ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa bai sami mafita ba, sai na ƙarƙashin ƙasa ya yi ta hauhawa yana kawo gishiri har gindin shuka. A hankali alkama ta ragu, manoma suka koma ga sha'ir, wanda ya fi jure gishiri.

Wannan cuta tana nan har yau. A shekarar 2021 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa gishiri ya taɓa ƙasa fiye da hekta miliyan 833 a duniya. Mu ma masu noman rani, idan muka ga fari-fari kamar kanwa a fuskar gona, shuka tana yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, to, mu farga. Gishiri ne ke hana saiwa shan ruwa.

Allah ya sa Adamu a gonar Aidan domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Amana ce, kuma za a tambaye mu. Wanda ya tare ruwa ya malale gonarsa saboda haɗama ya yi laifi biyu: ya hana maƙwabcinsa na ƙasa, ya kuma lalata gadon 'ya'yansa. Saboda haka mu ba shuka ruwa daidai bukatarta, mu haɗa hannu mu yashe magudanan ruwa, mu zuba takin gargajiya. Gishiri ba ya barin gona sai ruwa mai kyau ya ratsa ƙasa ya sami hanyar fita.

Haka zuciya take. Zunubi kan taru kaɗan kaɗan, har alheri ya zubo ta kasa sha. Mu zo mu furta zunubanmu, mu buɗe hanya.

Ubangiji ya albarkaci gonakinmu da zukatanmu. Amin.