Neman Allah Ba Ya Rufe Shago, Ba Ya Toshe Kunne

  

Kun san ni ba malami ba ne, sakatarenku ne. Abin da zan rubuta yau na karanta wa Malam Liman shi kafin a kai wurin bugawa, ya gyara inda ya gyara. Kuskuren da ya rage nawa ne, Allah Ya yafe mini.

Makon jiya bayan Magariba wani dattijo cikinmu ya tsayar da ni a bakin masallaci. Ya yarda in ba da labarin amma ban da suna. Ɗansa ne, saurayi mai hankali, wanda ya buɗe wa shagon kayan masarufi a babbar kasuwa. Wajen wata huɗu ke nan yaron ya kama ibada gadan-gadan, abin da kowane uba zai yi murna da shi. To amma sai shago ya koma a buɗe yau, gobe a rufe. Ya ce kasuwa shagala ce. Ya daina gaida kawunsa saboda kawun yana zama wazifa. Malami ɗaya tak yake saurare a waya, duk wanda ya faɗi wani abu daban ɓatacce ne. Amaryarsa kuwa tana nan zaune, ba hira, ba cefane sai uban ya aika. Dattijon ya ce mini: "Sakatare, ni na roƙi Allah Ya shiryar mini da yaro, ga shi yanzu ina tsoron shiryuwar." Wallahi maganar ta tsaya mini a rai.

Kuma kada wani ɓangare ya ce da wancan nake. Na san gidan da abin ya juya: yaron ya shiga zikiri da halwa, ya ce shi yanzu ya wuce karatun fiƙihu, ya raina mahaifinsa don ba ya cikin ɗariƙa. Ciwon ɗaya ne, riga ce kawai ta bambanta.

Da na kai wa Malam Liman maganar, sai ya ce in je in sake duba tarihin Salmanul Farisi, Allah Ya yarda da shi. Ga abin da na samu.

Salmanu ɗan gata ne a wani ƙauye kusa da Isfahan, a ƙasar Farisa, wato Iran ta yau. Ubansa shi ne babban garin, addininsu bautar wuta, shi Salmanu ma shi ke kula da wutar kada ta mutu. Wata rana uban ya aike shi gona, sai ya bi ta kusa da cocin Nasara ya ji suna addu'a. Bai toshe kunne ya wuce ba. Ya shiga, ya saurara, ya tambaya, aka ce masa tushen addinin yana Sham. Da uban ya ji sai ya ɗaure shi da mari a gida. Ya kuɓuce ya bi ayari.

A Sham ya zauna wurin wani babban limamin coci, sai ya gano mutumin yana tara sadakar jama'a yana ɓoyewa don kansa. Ku lura da nan. Salmanu bai ce tunda na kama malami da ha'inci, to addini duka ƙarya ne ba. Bai kuma rufe ido ya ce malamina ne ko me ya yi daidai ne ba. Bayan mutuwar mutumin ya nuna wa jama'a inda dukiyar take, ya zauna da wanda ya gaje shi, wanda ya same shi mutumin kirki. Daga nan kowane malami in zai rasu sai ya tura shi wurin wani: Mausil, Nasibin, har Ammuriyya. Na ƙarshen ya faɗa masa lokacin wani Annabi ya kusa a ƙasar Larabawa, ya ba shi alamomi.

A hanya 'yan ayari suka ci amanarsa suka sayar da shi bawa, har ya ƙare a gonar dabinon wani Bayahude a Madina. Da Manzon Allah (SAW) ya iso, Salmanu bai yi gaggawa ba. Ya kawo abinci ya ce sadaka ce, ya ga Annabi bai ci ba. Ya sake kawowa ya ce kyauta ce, ya ga ya ci. Sannan ya zagaya ya ga hatimin annabci a bayansa. Sai a lokacin ya miƙa wuya.

Abu biyu ke nan a tare, jama'a: kunne a buɗe, da awo. Mu 'yan kasuwa ai mun fi kowa sanin wannan. Wanda ya je Zing sarin doya ba ya ƙin duba kayan mutum don bai san shi ba, kuma ba ya biya sai ya juya doyar ya ga ko ta ruɓe ta ƙasa. Wanda ya je Iware sayen sa, sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙori. Me ya sa abin da muke yi wa doya da sa ba za mu yi wa maganar da za ta shiga zuciyarmu ba? Matambayi ba ya ɓata. Mai ƙin saurare yana asara, mai haɗiye komai ba tauna shi ma yana asara.

To, bayan Salmanu ya sami abin da ya bar gida da dangi dominsa, me ya yi? Mutum zai zaci sai ya shige masallaci ya rufo ƙofa. Ina! Ya dasa dabino 300 don ya fanshi kansa daga bauta, sahabbai suka taya shi, Annabi (SAW) ya dasa da hannunsa mai albarka. A shekara ta 5 bayan Hijira, da rundunonin ƙabilu suka nufo Madina, shi ya kawo shawarar a haƙa gwalalo, dabarar yaƙi ta mutanen Farisa wadda Larabawa ba su saba da ita ba. Annabi bai ce wannan dabarar masu bautar wuta ce ba. Ya karɓa, ya shiga haƙa da kansa. Daga baya Salmanu ya zama gwamnan Mada'in, amma yana saƙa kwanduna da ganyen dabino yana ci da gumin hannunsa.

Akwai kuma labarinsa da Abud Darda'i, wanda Annabi ya ƙulla musu 'yan'uwantaka, yana cikin Bukhari. Salmanu ya kai masa ziyara ya tarar da matarsa ba ado ba kwalliya. Da ya tambaya, ta nuna masa mijinta ba ruwansa da duniya. Aka kawo abinci, Abud Darda'i yana azumin nafila, Salmanu ya ƙi ci sai sun ci tare. Da dare ya tashi zai yi salla, Salmanu ya mayar da shi barci har sai ƙarshen dare suka tashi tare. Ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai na jikinsa, akwai na iyalinsa. Da maganar ta je wurin Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. Ɗan'uwana mai rufe shago, ka fi Abud Darda'i son Allah ne?

Kada a ce wannan na Larabawa ne na can da. Mu dubi gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ɗan Shehu Usmanu ne, malami ne, sufi ne. Duk da haka ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido, kuma a cikin Infaƙul Maisuri ya kawo labarin ƙasashe da al'ummun wannan yanki namu. Da Baturen nan Kilafaton ya je Sakkwato a 1824, Bello ya zauna da shi yana yi masa tambayoyi har a kan ƙungiyoyin Kirista da bambancin da ke tsakaninsu. Da ya komo a 1826 ya kawo masa littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, Bello ya yi murna, don kwafin da suke da shi a gidan ya ƙone a gobara. Ku ji fa, littafin lissafi na mutumin Yunan a gidan Shehu! 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tsara 'Yan Taru, jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Waɗannan su ne magabatanmu, kuma wannan ƙasa ta Muri da muke zaune a cikinta tana cikin daular da suka kafa.

Game da saɓanin malamai kuwa, mu da muke bin mazhabar Malikiyya ya kamata mu san wannan. Wani halifan Abbasiyawa ya so ya tilasta wa dukkan Musulmi bin littafin Muwaɗɗa, Imamu Malik da kansa ya hana, saboda sahabbai sun watsu a garuruwa kowa da abin da ya riƙe na ilimi. Mai littafin bai yarda a rufe ƙofa a kan littafinsa ba. Mu kuma a kan sakin hannu da riƙe hannu a salla sai mutum ya ƙaurace wa ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya.

Mu tuna inda muke. Iyayenmu sun taso daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya, wasu daga Maraɗi da Damagaram, fatauci ya kawo su. Tun kafin a ƙirƙiri Jihar Taraba a 1991 wasunmu suna nan. Muna zaune da Fulani, Mumuye, Jukun Kona, Tibi, Wurkum da sauransu, Musulmi da Kirista, kasuwa ɗaya, asibiti ɗaya, Keke Napep ɗaya. Baƙon da ya ƙuntata zuciyarsa a irin wannan gari kansa ya cuta. Annabi (SAW) ya sa Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, ya iya cikin kusan rabin wata. Mu nawa ne muka shekara ashirin a Jalingo ba mu iya gaisuwa da Mumuyanci ba, alhali da su muke ciniki kullum? Sanin harshen maƙwabci da al'adarsa ba ya rage imani. Yana rage zargi, kuma ranar da aka sami tashin hankali, Allah Ya kiyaye, wanda ya san ka shi zai tsaya maka.

Sannan ga boko da sana'a. Jami'ar Jihar Taraba tana nan cikin garin nan tun 2008, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya. In matarka za ta haihu kana so mace Musulma ta karɓi haihuwar, amma ka cire 'yarka daga makaranta tana aji uku na sakandare. To wa zai zama ungozomar? Malamai sun ce irin waɗannan ilimomi farilla ce ta kifaya: in babu mai yi a cikin al'umma, kowa na da laifi. Ni kaina a sakandare na tsaya, kuma kullum in na zo lissafin kuɗin masallaci sai na ji ina ma na ƙara gaba.

Kar a fahimce ni a karkace. Buɗe kunne ba yawon addini ba ne, yau kana nan gobe kana can kamar akuyar da ta tsinke. Tauhidi, salla biyar, halal da haram da aka yi ittifaƙi a kansu, waɗannan turke ne, ba a taɓa su. Wanda bai gama Ahalari da Ishmawi ba, bai iya gyara alwalarsa ba, ba shi da hurumin yanke wa malamai hukunci don ya ga guntun bidiyo na minti biyu a TikTok ko WhatsApp. A fara da tushe a gaban malami mai rai, wanda ka san gidansa, ka san mu'amalarsa, za ka iya ce masa "Malam ban gane ba." Mai turke mai ƙarfi shi ke iya sauraron kowa bai ji tsoro ba.

Ga awo mai sauƙi da Malam Liman ya ba ni. In karatunka ya sa ka ƙara tausayin iyayenka, mudunka ya cika, bashin mutane yana fita a kan lokaci, matarka ta ga sauƙi a gida, to kana kan hanya, ka ƙara himma. In kuwa ya sa kana ganin kowa ɗan wuta ne sai kai da mutum goma, ka daina dariya da 'ya'yanka, ubanka ke ciyar da iyalinka, to ka tsaya ka sake lale.

Roƙona uku ne. Matasa, ku riƙe darasi ɗaya a gaban malami, ku riƙe sana'a ɗaya da hannu biyu. Abdurrahman ɗan Aufu da ya isa Madina ba shi da komai, kasuwa ya ce a nuna masa, kuma yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Iyaye, in yaro ya zo da sabuwar fahimta kada a fara da zagi ko kora, a zaunar da shi, a kawo shi wurin malamai a yi magana da hujja cikin mutunci. Mu duka kuma, kafin Juma'a mai zuwa kowa ya nemi mutum ɗaya da ya daina gaisawa da shi saboda saɓanin fahimta, ya je har ƙofar gidansa ko shagonsa ya yi masa sallama.

Dattijon nan da na faɗa muku yana cikin sahu yau, wataƙila ɗan nasa ma yana nan. Ɗana, ƙanena, ba wanda ya ce ka rage ibada. Gobe Asabar in ka idar da Asuba ka yi azkar ɗinka, ka biya ka gaida kawunka, sannan ka je ka buɗe shagon nan da bismilla. Mahaifinka na jira.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya buɗe ƙirazanmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu da zuriyarmu. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya zaunar da Jalingo da Taraba da Nijeriya lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗan'uwanku,
Sakataren Masallaci