Shaida a Shari'ar Dabbar Kiwo

Babu saɓani tsakanin malamai cewa Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta wa ɗan Adam amfani da dabbobin gida, ya sha nononsu, ya hau bayansu, ya ci namansu. Haka kuma babu saɓani cewa halaccin nan ya zo tare da haƙƙi, wanda za a tambayi mai dabba a kansa ranar hisabi. Ko yaron da bai daɗe da fara zama gaban malamin zaure ba ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Mas'alar da ta fi wuya, wadda kuwa ba a cika tsayawa a kanta ba, ita ce ta sani: in an ce a kyautata wa dabba, da wane ma'auni za a tabbatar da cewa an kyautata ɗin, alhali kuwa wadda ake shari'ar dominta ba ta da bakin kai ƙara, wanda ke ba da labarinta kuma shi ne mai cin ribarta?

Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga gonar wani mutumin Madina, sai wani raƙumi ya gan shi ya yi kuka har hawaye suka zubo. Ya je ya shafi bayan kunnensa har ya natsu, sa'an nan ya tambayi wane ne mai shi, da ya zo ya gaya masa raƙumin ya kawo ƙararsa a kan yunwa da yawan aiki. Wannan mu'ujiza ce ta Annabi, mu kuwa ba a ba mu ita ba. Abin da ya rage a hannunmu shi ne alamu, watau abin da masana fiƙihu ke kira ƙarina, kuma duk gardamar tana kan wace alama ce za a amince da ita.

Shaidar da mai kiwo ya saba gabatarwa ita ce amfanin da dabbar ke bayarwa. In ka tambaye shi lafiyar kajinsa sai ya gaya maka kiret nawa na ƙwai ya kwashe yau. In ka tambayi mai ragon Layya sai ya kama hannunka ya ɗora a gadon bayan ragon don ka ji kitse. A da can hujjar nan tana da ƙarfi gwargwado, gama saniyar da ke cikin wahala nononta kan ƙafe, jakin da aka zalunta kuma kan rame har ya kasa ɗaukar mangala, saboda haka asarar mai dabba da wahalar dabba tafiya ɗaya suke yi. Kiwon zamani ya raba su. Kazar nama ta gidan gona, wadda aka yi shekaru ana zaɓen irinta domin saurin girma, takan isa yanka cikin mako 6 ko kusa da haka, ƙirjinta ya yi nauyin da ƙafafunta ba su shirya ɗauka ba, har ka ga wata ta yi taku biyu ko uku zuwa wurin ruwa ta durƙushe tana haki. Amma duk da haka in an ɗora ta bisa sikeli, sikelin ba ya faɗin kome sai alheri. Ƙa'ida ce sananniya a gaban alƙalai cewa ba a karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani da shaidarsa, domin akwai tuhuma a kansa. Riba irin wannan mashaidi ce, kuma a ganina ba ta isa a yanke hukunci da ita ita kaɗai ba.

Magabatanmu na mazhabar Malikiyya sun hango wannan tun da daɗewa. A cikin Muhtasar, wanda ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato har gobe, Shaihu Halilu ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa in babu makiyaya, in ya ƙi kuwa a sayar da ita ko da ba ya so. Ya kuma ce abin da ya halatta a tatsa na nono shi ne wanda ba zai cutar da ɗan da ke sha ba. A lura da inda ya ajiye ma'aunin. Bai ƙayyade ƙwarya nawa za a tatsa ba, ya dai mayar da hukuncin ga jikin ɗan maraƙin, in ya rame to an ƙetare iyaka, ko nawa mai saniya ya ce ya rage masa. Izzuddini ɗan Abdussalami, malamin Shafi'iyya wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 660 bayan Hijira, shi kuma ya ce ciyarwar ba ta faɗuwa ko da dabbar ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a sauran amfana da ita, wanda ke nuna cewa haƙƙin nata ne, ba na aljihun mai ita ba.

Turawa sun zo ga mas'alar ta wata ƙofa. A 1964 wata mace a Ingila, Ruth Harrison, ta wallafa littafi a kan yadda ake tsare kaji da 'yan maruƙa a gidajen kiwo, hankalin jama'a ya tashi, gwamnati ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Brambell, wanda a 1965 ya ce mafi ƙarancin abin da ya kamaci dabba shi ne ta sami ikon tashi da kwanciya da juyawa da miƙa gaɓoɓinta da gyara jikinta. Daga nan aka yi ta auna ɗakuna da kejuna, har Tarayyar Turai ta hana tsohon kejin kajin ƙwai daga 2012, kejin da rabon kowace kaza a cikinsa murabba'in santimita 550 ne, watau bai kai fallen takardar da ake buga wasiƙa a ofis ba. Aunin ɗaki yana da amfani, sai dai ɗaki yake aunawa. Bafulatanin da ya shiga garkensa da asuba ya fi kusa da gaskiya, domin shi dabbar yake dubawa: wadda ta daina tuƙa, wadda hancinta ya bushe, wadda kunnenta ya faɗi, wadda ta ware daga 'yan'uwanta ta tsaya baya a gantsare, kuma a ƙarshe likitocin dabbobi na Turai ma ga wannan suka komo, suna ƙirga gurguntaka da raunuka da rama.

Amma abin da ya fi jan hankalina cikin aikinsu shi ne dabarar da suka samo ta tambayar dabbar da kanta. A jami'ar Biristol, a wani bincike da aka wallafa a 2000, an ajiye wa kajin nama abinci iri biyu, ɗaya da maganin kashe zafin ciwo a ciki, ɗaya babu. Sai aka ga guragun kajin suna cin mai maganin fiye da yadda masu lafiya ke ci, tafiyarsu kuma ta gyaru. Wasu masu binciken suka sa ƙofa mai nauyi tsakanin kaza da gurbin ƙwai, suka tarar cewa in lokacin saka ƙwai ya gabato tana tura ƙofar da ƙarfi irin wanda take sawa domin ta kai ga abinci bayan ta yi sa'o'i da yunwa. Kazar da ke cikin keji marar gurbi tana saka ƙwan dai, kiret yana cika, ba kuwa wanda zai karanta wannan buƙata a littafin lissafin gona.

Mai gardama zai ce ai duk wannan zahiri ne, baɗinin dabba kuwa ba mai iya shigarsa, ta yiwu abin da muke kira ciwo motsi ne kawai na halitta. Jawabinsa shi ne cewa baɗinin ɗan'uwansa mutum ma bai taɓa shigarsa ba, da zahiri yake gane maƙwabcinsa na jin zafi, da zahiri kuma shari'a ke hukunci. Wanda ya karɓi nishin majinyaci a matsayin hujja ba shi da dalilin ƙin karɓar zaɓin gurguwar kaza. Gardamar da ta fi wannan nauyi ita ce cewa ba duk abin da dabba ke so ne alheri gare ta ba, gama akuyar da ta sami ƙofar rumbu a buɗe takan ci hatsi har cikinta ya kumbura ta mutu. Gaskiya ne, shi ya sa Marian Dawkins ta jami'ar Okusfod ta haɗa tambayoyi biyu, ko dabbar na da lafiya, ko kuma ta sami abin da take so, kowace tana gyara 'yar'uwarta. Kada kuma mai kiwon gargajiya ya ɗauka an wanke shi: kazar ƙauye tana da 'yancin tono da birgima, amma shirwa na kwashe mata 'yan tsaki, annobar hunturu kuma kan share akurki cikin 'yan kwanaki, saniyar daji kuwa a ƙarshen bazara haƙarƙarinta ƙirguwa yake yi daga nesa.

Inda mas'alar ta fi shafarmu yau shi ne kan hanya. Daga karar Potiskum ko ta Maigatari ake loda shanu a tirela zuwa Legas, tafiyar da ta wuce kilomita 1,000, an ɗaɗɗaure su ƙaho na shiga cikin ƙaho, sau da yawa ba ruwa ba saukewa, wadda ta faɗi kuwa 'yan'uwanta ke tattaka ta har a isa. Falke yakan ce sun isa lafiya muddin ba wadda ta mutu mushe, domin asararsa ita ce ma'auninsa. Ina roƙon shugabannin kara da sarakunan pawa, waɗanda da ma su ke hukunci a tsakanin mutanensu, su sa a riƙa ƙirga shanun da suka sauka da rauni ko karaya ko suka kasa tashi, su ƙayyade yawan da kowace mota za ta ɗauka, su wajabta tsayawa a shayar da su a hanya, wanda ya saɓa kuma a ci shi tara.