Sharhin Baitoci Uku a Kan Horon Wakilin Jama'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, waɗansu 'yan'uwa fatake da ke zirga-zirga tsakanin garinmu Malanbil da Gaya da Kano sun tambaye ni hukuncin ɗan majalisa wanda ya yi rashin ladabi a zauren shawara: shin abokan zamansa suna da ikon su kore shi, alhali ba su suka naɗa shi ba? Na amsa musu da baitoci uku, ga su, sannan sharhi ya biyo.

Zauren shawara ba dandalin dambe ba ne,
Mai fizgar sanda a cikinsa ya yi ɓarna.

Amma mai horo shi ma a tambaye shi,
Da wane mudu ya auna, a wace rana?

Kun kori ɗaya, kun rufe bakin dubbai,
Wa zai kai kukansu in ruwa ya ci gona?

Ka sani, ya ɗan'uwana, Allah Ya yi mana muwafaka, asalin tambayar abu ne da ya faru a Majalisar Dokokin Jihar Kano ranar 9 ga Maris 2020. An tashi gabatar da rahoto a kan ƙarar da aka kai Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, sai zaure ya hargitse, aka yi kokawa a kan sandar majalisa, wadda ba a zama sai tana ajiye a wurinta. A wannan rana ce gwamnatin jihar ta sauke Sarkin. Bayan mako guda shugaban majalisar, Abdul'aziz Garba Gafasa, ya sanar da dakatar da mutum biyar cikin arba'in har wata shida. A watan Yuni na shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta rushe dakatarwar.

Amma baiti na farko, babu doguwar magana a cikinsa. Ladabin zama wajibi ne, Alƙur'ani ya koyar da shi a Suratul Mujadala da Suratul Hujurati. Wanda ya kai hannu ga sanda don ya hana a karanta abin da ba ya so ya yi laifi, ko da gaskiya tana tare da shi, domin ya buɗe ƙofar da gobe mai ƙarya zai shiga da ƙarfin damtse. Ban yarda da masu cewa tunda jama'a ta zaɓe shi babu mai taɓa shi ba. Zaɓe amana yake ɗora wa mutum, ba ya sauke masa ita.

Baiti na biyu shi ne wurin tsayawa. Horon da shari'a ba ta yanka masa haddi ba, malamai suna kiransa ta'aziri, an bar shi ga ijtihadin shugaba. Sai dai an ɗaure ijtihadin nan da sharuɗɗa: a ji ta bakin wanda ake tuhuma, horo ya zo daidai da laifi, kuma kada mai hukunci ya zama shi ne abokin husuma. Malamanmu na Malikiyya ba su karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, to ina ga hukuncinsa? An ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, yana Halifa ya ga sulkensa a hannun wani mutum, bai ƙwace da kansa ba, sai ya tafi gaban alƙali Shuraihu. To a majalisa fa? Masu rinjaye su ne masu ƙara, su ne shaidu, su ne alƙalai, kuma kowace kujera da ta zama wofi rinjayensu take ƙarawa. Ban ce kowane mai rinjaye azzalumi ne ba. Na ce dai an ba kura ajiyar nama, ko ta yi rantsuwa mutane ba za su natsu ba.

Dubi yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori sahabbai uku da suka ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira: Ka'abu ɗan Maliku da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya. Sai da ya tambaye su, suka amsa laifinsu da bakinsu, sannan aka hana mutane magana da su kwana 50. Tare da haka ba a rufe musu masallaci ba, Ka'abu yana halartar salla, yana shiga kasuwa. Da aka kai kwana 40 aka umarce su da nisantar matansu, matar Hilalu ta zo ta ce mijinta tsoho ne ba shi da mai hidima, aka yi mata izini ta ci gaba da yi masa hidima. Laifin ƙin fita yaƙi ke nan, kwana hamsin. Laifin fizgar sanda kuwa, wata shida!

Har Nasara da suka kawo mana wannan tsari ba su kai nan ba. A majalisar Ingila, wanda shugaban zama ya ambaci sunansa saboda rashin ladabi, kwana 5 na zama ake dakatar da shi a karon farko, 20 a na biyu. A watan Disamba 2018 wani wakili a can ya ɗauki sandar majalisa daga kan teburinta, aka fitar da shi sauran zaman wannan yini kaɗai. Mun ɗauko rigar, mun bar ma'aunin telan.

Baiti na uku ya fi damuna. Ɗan majalisa wakili ne, kujerar ta masu wakilta shi ce. Mutanen Gezawa da Warawa da Tofa da Tsanyawa ba su taɓa sanda ba, da wane laifi za a bar su ba baki a wurin rabon dukiyar jiha? Mutanen Kiru da Bebeji sun ɗanɗana wannan: Majalisar Wakilai a Abuja ta dakatar da wakilinsu Abdulmumin Jibrin a Satumba 2016 saboda zargin cushe a kasafin kuɗi da ya yi wa shugabanninta, bai koma ba sai Maris 2018, bayan nan kuma kotu ta ce dakatarwar ba ta halatta ba. An biya shi ko ba a biya shi ba, shekara da rabi ta talakawa ba mai mayar musu da ita. A fiƙihu, idan alwalar liman ta warware yana cikin salla, yakan jawo wani daga sahu ya ƙarasa da mutane. Ba a barin jama'a tsaye babu liman don laifin liman. Mu nan bakin Kwara mun san abin da ake nufi da ruwa ya ci gonar shinkafa, kuma mun san nisan Porto-Novo ga wanda ba shi da mai magana a madadinsa.

Idan wani ya ce: in an ɗaure hannun majalisa, kowane mai tsaurin ido zai mayar da ita kasuwa, kotu kuma tafiyar hawainiya take yi, sai in ce masa gaskiya ka faɗa, shi ya sa na halatta wa shugaban zama ya fitar da mai hargitsi nan take, yini guda ko 'yan kwanaki, ba tare da jiran kowa ba, kamar yadda malami yake tayar da almajirin da ya hana karatu. Ana iya tilasta masa tuba a gaban zaure, a cire shi daga shugabancin kwamiti, ko a yanke masa tara daga aljihunsa, duk da cewa malamai sun yi saɓani a kan horo da dukiya. Waɗannan duka a kansa suke faɗawa shi kaɗai. Abin da ya wuce haka a kai shi gaban alƙalin da ba ya cikin husumar. Raba shi da kujerar kuwa haƙƙin waɗanda suka ba shi ne, kuma tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba su hanyar kiranye a sashe na 69 ga majalisun tarayya da na 110 ga na jihohi.

Allah ne Mafi sani.