GAYYATAR WALIMA AMANA CE A WUYAN MAI KIRA DA WANDA AKA KIRA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda duk ya bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wani al'amari da muka mayar wasa alhali kuwa addini ne, shi ne kiran mutane walimar aure da amsa wannan kira. Yau sai ka ga mutum ya buga kati, ya watsa a WhatsApp, bai san yawan waɗanda ya kira ba, bai kuma san wanda zai zo ba. Ranar walima sai ɗayan biyu: ko abinci ya ƙare dattawa na zaune ba su sa komai a baka ba, ko kuwa a wayi gari ana kwasar shinkafa ana zubarwa a bola, ga bashi a wuyan ango. Duka biyun tushensu ɗaya ne. Mai kira bai tantance ba, wanda aka kira bai faɗi gaskiya ba.

WALIMA GWARGWADON HALI CE

Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa da Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya yi aure a Madina, Manzon Allah (S.A.W.) ya umurce shi da ya yi walima ko da da akuya guda ce. Shi kansa Manzo, da ya auri Nana Safiyya a hanyar dawowa daga Haibara, shekara ta 7 bayan Hijira, walimarsa dabino ce da cuku da man shanu, babu nama babu gurasa. To jama'a, wa ya fi shi daraja? In abin da kake da shi na mutum 30 ne, kira mutum 30. Kada ka kira 300 don a ce ɗan wane ya yi taro, sannan ka koma kana ɓuyan masu bin ka bashi. Allah Ya hana ɓarna a Suratul A'arafi aya ta 31, kuma a Suratul Isra'i aya ta 27 Ya haɗa mubazzirai da shaiɗanu a 'yan'uwantaka.

HAƘƘIN DA KE KAN MAI KIRA

Na farko, ka ambaci wanda kake kira da sunansa. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halilu, sun ɗora wajabcin amsawa ne a kan wanda aka ayyana shi. Saƙon da aka jefa cikin taron mutum 200 a waya, kowa na ganin ba da shi ake ba. Je ka same shi, ko ka buga masa waya, ko ka aiki wani ya faɗa masa.

Na biyu, duba jerin sunayen nan da kyau. Abu Huraira (R.A.) ya ruwaito cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Yau fa? An kama ɗakin taro, an sa masu gadi a ƙofa, Alhaji mai mota ya shige, maƙwabcinka da kuke sahu ɗaya a masallaci an ce ina katinsa. Haba ɗan'uwa! Sanin adadi ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ce cikin adadin nan babu talaka ko ɗaya.

HAƘƘIN DA KE KAN WANDA AKA KIRA

A ƙarshen wannan ruwaya ta Abu Huraira an nuna cewa wanda ya ƙi amsa kira ya saɓa wa Allah da ManzonSa. Ko azumi kake yi, ka je ka yi musu addu'a, haka ya zo a Muslim. Uzurin da shari'a ta karɓa sananne ne, kamar rashin lafiya, ko ya zamana akwai munkari a wurin, irin su kiɗa da rawa da cakuɗuwar maza da mata. Ita Risala da muka karanta a zaure ta faɗi wannan, har ta ce Imamu Malik ya yi rangwame ga wanda bai je ba saboda yawan cunkoso.

Amma uzuri daban, yaudara daban. An ce maka za ka zo? Ka ce in sha Allahu, alhali zuciyarka ta riga ta yanke ba za ka je ba. Ka ɗauki sunan Allah ka mai da shi mafakar ƙarya, ɗan'uwanka kuwa ya auna shinkafa da kai a lissafi. Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙidaya saɓa alkawari cikin alamomin munafuki guda uku. Alkawari kaya ne. In ba ka da halin zuwa, faɗa masa da wuri, tun ba a je kasuwa ba, ka sa masa albarka. In kuwa munkari ne ya hana ka, gaya masa a asirce cikin ladabi, wataƙila Allah Ya sa ya gyara.

GAYYAR SOƊI

Wani sahabi mutumin Madina, Abu Shu'aibu (R.A.), ya sa yaronsa mahauci ya dafa abincin mutum biyar, ya kira Manzon Allah (S.A.W.) ya zama na biyar ɗinsu. Sai wani mutum ya biyo su. Da suka isa ƙofa, Manzo ya tsaya ya sanar da mai gida cewa ga wani ya biyo su, in ya so ya yi masa izini, in ya so ya koma. Mai gida ya yi masa izini. Wannan yana cikin Buhari da Muslim.

Kun ji ko? Shugaban halitta bai shiga da mutum ɗaya tak ba sai da izini. Kai kuwa an kira ka kai kaɗai, ka cika mota da abokai. Ke ma Hajiya an kira ki, kin taho da ƙannenki da 'ya'yansu, ga leda a jaka ta yin guzuri. Ku ji tsoron Allah.

Wani zai ce, Malam, ƙidayar baƙi ai al'adar Turawa ce, kuma an ce abincin mutum biyu yana isar uku. Sai mu ce masa, Abu Shu'aibu ba Bature ba ne, kuma ya ƙidaya. Shi kuma hadisin albarkar abinci gaskiya ne, amma kwaɗaitar da mai gida yake yi ga kyauta. Bai ba baƙo izinin yin kyauta da dukiyar wani ba.

YADDA ZA A YI

Ango ko waliyyi ya wakilta mutum guda amintacce, ta wajen mata ma a sa mace guda. A rubuta sunaye, a isar da kira da wuri, a nemi kowa ya faɗi zai zo ko ba zai zo ba kafin ranar cefane. Wanda ya yi shiru a tuntuɓe shi, kada a yi masa mummunan zato. Wanda ya kawo uzuri a karɓa, kada a ƙulla gaba har a yanke zumunci a kan faranti guda. A dafa da ɗan ƙari saboda baƙon da Allah Ya kawo, abin da ya saura a raba wa maƙwabta da almajirai tun bai lalace ba. In an ci kuma a watse, kamar yadda Allah Ya koyar a Suratul Ahzabi aya ta 53, wadda ta sauka a walimar Nana Zainabu 'yar Jahshi lokacin da wasu suka zauna hira bayan an gama ci.

Allah Ya sa mu gane gaskiya mu bi ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Ya sanya albarka a aurarrakinmu, Ya raya mu a kan Sunna, Ya kashe mu a kanta. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.