Fuskarta Ce, Amma Labarin Ƙarya Ne

Karatu: Farawa 39:11-20, Farawa 9:20-27



Kwanakin baya wata uwa daga Kparatao ta same ni a Sokodé tana kuka. Wani yaro ya ɗauki hoton 'yarta na ranar biki, ya sa manhajar waya ta manna fuskarta a jikin wata mace tsirara. Kafin gari ya waye hoton ya zagaya WhatsApp, har danginsu na Dapaong sun gani. Yarinyar ta daina zuwa makaranta, ko kasuwa ba ta leƙawa. Da aka gano yaron, sai ya ce, "Ai ba jikinta ba ne, wasa nake yi."

To, ga tambayarmu ta yau: in hoton ƙarya ne, ina laifin?

Ka tuna da Yusufu a gidan Fotifar. Rigar da matar ta nuna wa mijinta ta Yusufu ce da gaske, labarin da ta ɗora a kai ne ƙarya. Rigar ce ta sa aka gaskata ta, Yusufu kuwa ya shiga kurkuku. Haka ma fuskar yarinyar nan. Tata ce, shi ya sa mutane suka yarda. Wannan shaidar zur ce, wadda doka ta tara cikin Dokoki Goma ta hana.

Hukumomin duniya sun fara gane haka. A Mayun 2025 Amurka ta kafa dokar da ta mai da yaɗa irin wannan hoto laifi, ta kuma ba kamfanonin intanet awa 48 su cire shi idan mai fuskar ta kai kuka. A Satumban 2024 majalisar Koriya ta Kudu ta ce ko wanda ya ajiye hoton, ko ya kalla da saninsa, zai iya shan ɗaurin shekara uku. Mu ma a Togo muna da dokar yaƙi da laifuffukan intanet tun Disamban 2018. Mu gode wa Allah saboda waɗannan, gama Romawa 13 ta koya mana cewa hukuma ma'aikaciyar Allah ce domin hukunta mugu.

Amma doka tana iya cire hoto daga Facebook, ba ta iya cire shi daga idon maƙwabci. A nan aikin ya dawo wurinka. Lokacin da Nuhu yake kwance tsirara, Ham ya gani ya fita ya ba da labari. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya, suka rufe mahaifinsu ba su duba ba. Ranar da irin wannan hoto ya shigo wayarka, ɗaya daga cikin biyun nan za ka zama. Kada ka tura wa kowa, kada ka ce a nuna maka. Ka tsawata wa wanda ya aiko, ka je ka gaida gidan da aka cuta.

'Yar'uwata, in ke aka yi wa haka, kunyar ba taki ba ce. Ki faɗa wa wani babba da kika amince da shi, ku kai ƙara wurin hukuma. Ubangiji da ya kasance tare da Yusufu a kurkuku yana tare da ke.

Addu'a: Ya Uba, ka tsare idanunmu da hannuwanmu. Ka ta'azantar da waɗanda aka ɓata wa suna, ka ba masu ɓatawar zuciyar tuba. A cikin sunan Yesu. Amin.