Dokar Hana Samari Fitar Dare: Wa Take Tsarewa?

Akwai wata muhawara da ta daɗe a Amurka, watau ko hukuma tana da ikon hana yara 'yan ƙasa da shekara 17 yawon dare. Kotun ɗaukaka ƙara ta amince wa birnin Dalas da irin wannan doka a 1993, amma a 2023 sai jihar Tekzas ta hana biranenta yin ta. To, mu kawo maganar gida, mu auna ta a Sabon Birni da Isa.

Masu son dokar suna da hujja, kada mu raina ta. Sun ce cikin duhu ne 'yan bindiga ke samun mai kai musu labari da mai kai musu fetur, kuma yaron da talauci ya matsa shi ne mafi saurin ruɗuwa. Ai ma Bahaushe bai taɓa barin ɗansa ya kwana a dandali ba.

Amma fa mai karatu ya lura, dokar nan ta ginu ne bisa zato guda, cewa gida ya fi waje aminci. A Dalas wataƙila haka ne. A ƙasar Gobir kuwa fa? Tun 2019 dubban mutane suka bar ɗakunansu suka tsallaka yankin Maraɗi, domin a cikin gida aka riƙa iske su. Akwai ƙauyukan da in magariba ta yi sai a kwashe yara a tafi kwanan daji. Wanda ka ce masa ya zauna ɗaki a irin wannan wuri, ka tsare shi ne ko ka ɗaure wa mai farauta shi?

Mun kuma ga misali. A Satumba 2021 gwamnatin Sakkwato ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda tsaro, amma a Disamban shekarar aka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. Mai bin doka ya rasa hanyar neman agaji, mai bindiga ya ci gaba da sha'aninsa.

Ni a ganina uba yana iya cewa ɗansa kada ya wuce isha'i, don shi ke ciyar da shi, shi ke kwana a bakin ƙofa. Hukumar da ke son aron wannan iko sai ta fara kwana a bakin ƙofar tukuna, a Gatawa da Kurawa da sauran garuruwan da dare ya zama abin tsoro.